Kowace Ƙwarya Da Tsirkiyarta: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani Kafin Ya Saro Tsirkiyar Gogen Turawa

Kwanakin baya wani ɗan kasuwa, abokin hulɗar gidan rediyonmu, ya shigo mana da ƙaramin kwali a hammata, ransa a ɓace. Bawan Allahn nan ya daɗe yana sayar da rediyo da batir da lasifika da tsirkiyar gita, kuma ba mu taɓa jin an kama shi da algus ba. Wani malami ne mai koya wa yara kiɗa a babban gari ya ba shi saƙon tsirkiyar gogen Turawa, wanda masu jin Faransanci ke kira biyolon, ƴan Najeriya su ce bayolin, Larabawa kuma kamanja. Da ya je sari sai ya yi abin da kowannenmu zai yi, wato ya nemi mai rahusa, ya taya, ya ɗebo da yawa don a rage masa. Da ya kawo, malamin ya buɗe ya duba, ya mayar masa da kayansa. Rabin fakitin an rubuta musu viola, wato na wani goge ne daban da ya fi biyolon girma. Sauran kuma na ƙarfe ne masu kauri, waɗanda suka fi ƙarfin yatsun yara da ƴan gogunansu. Ga kuɗi sun kwanta, ga ciniki ya ɓaci, ga kunya.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu bi diddigin maganar, mu kawo ta a wannan fili. Mun san ba kowane ɗan kasuwa ke taɓa kayan kiɗa ba, kowa da ra'ayinsa. Amma daga Ƙonni zuwa Illela, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, daga Gaya zuwa Kamba, ɗan kasuwa ɗan aike ne, kuma duk abin da aka rasa a gari shi ake ba saƙonsa. Makarantun kiɗa da majami'u da masu ɗakunan ɗaukar waƙa suna neman wannan tsirkiya, ba su da yawa, amma wanda ya gamsar da su sau ɗaya ya samu abokan ciniki na shekaru. Ko mu da ba mu taɓa riƙe biyolon ba mun san muryarsa, domin shi ne ke kuka a bayan mawaƙa cikin finafinan Indiya, shi ne kuma ke amsa wa mawaƙan Sudan da na Masar.

Darasi daga mai goge

Kafin mu je ga Turawa, sai muka fara da na gida. Akwai wani dattijo mai goge da kan zo ɗaukar shiri a wurinmu, shi muka tsare da tambaya. Gogenmu dai kowa ya san shi: ƙoƙon ƙwarya, a rufe shi da fatar guza ko ta damo, a soka masa sanda, a ɗaura masa tsagiya, wato gashin wutsiyar doki, a tokare ta da ɗan jaki a bisa fatar, sannan a goga da izga wadda aka shafa wa ƙaro. Dattijon ya bayyana mana cewa shi bai taɓa ɗaura wa goguna biyu tsagiya iri ɗaya ba. Babbar ƙwarya mai zurfi tana son gashi da yawa, don ta samu abin da zai motsa fatarta. Ƙarama irin ta kukuma idan aka cika mata gashi sai muryarta ta shaƙe, kamar wanda aka riƙe wa maƙogwaro. Yakan ƙara ko ya rage gashi har sai goge ya yi daidai da muryar mai waƙa da kuma ƙarfin yatsunsa shi kansa, tunda yanzu tsufa ya zo.

Duk wanda ya saurari gogen marigayi Garba Liyo, ya kuma saurari kukumar Ahmadu Doka ko ta Hassan Wayam, ya san kayan ƴan uwan juna ne amma kowane da muryarsa. Haka ma imzad na matan Buzaye, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2013 da sunan Nijar da Mali da Aljeriya: shi ma ƙwarya ce da fata da gashin doki, amma kukansa daban. Abin da dattijon nan ya sani da hannu da kunne, shi ne dai abin da masu biyolon ke bi. Babu tsirkiyar da ta fi kowace kyau a duniya, sai dai wadda ta dace da wannan goge da wannan hannu. Bambancin kawai, mai gogenmu shi ke haɗa tasa, mai biyolon kuwa saye yake yi, kuma a nan ne ɗan kasuwa ya shigo.

Tsirkiya huɗu, iri uku

Biyolon katako ne gaba ɗaya, babu fata. An san shi a siffarsa ta yanzu tun ƙarni na 16 a arewacin Italiya, musamman garin Cremona, inda shahararren maƙerin goge Antonio Stradivari ya rayu har ya rasu a 1737. Tsirkiyarsa huɗu ce. Daga mai kauri zuwa siririya, a makarantun Faransanci ana ce musu sol, re, la, mi, a jikin fakiti kuma sau da yawa za a ga haruffa G, D, A, E. Ta uku, wato la, ita ake fara daidaitawa, tana girgiza sau 440 a daƙiƙa guda, sauran kuma a bi ta. Idan aka ɗaure huɗun duka yadda ya kamata, jan da suke yi wa gogen ya haura kilo 20, kusan rabin buhun shinkafa ke nan, alhali katakon fuskar gogen kaurinsa bai wuce kimanin milimita 3 ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa zaɓen tsirkiya ba abin wasa ba ne.

Abin da ke raba tsirkiya da tsirkiya shi ne abin da ke cikinta, domin yawancinsu zare ne a tsakiya aka nannaɗe shi da siririn ƙarfe, ko alminiyon, ko azurfa, ko wani makamancinsu. Dabarar nannaɗewar ta fito ne wajen shekarun 1660, kuma amfaninta shi ne a ƙara wa tsirkiya nauyi ba tare da ta yi kaurin da zai hana ta lanƙwasa ba.

Iri na farko shi ne na hanji. Da hanjin tumaki ake yin ta, a wanke, a tsaga, a murɗa, a shanya. Ita ce ta asali, ita Stradivari ya sani. Muryarta na da zaƙi da ɗumi, tana da taushi a yatsa, kuma manyan makaɗa da yawa har yau ba su yarda akwai wadda ta kama ƙafarta ba. Aibinta shi ne tsada, ga rashin haƙuri da sauyin yanayi, ga shi kuma sabuwa takan ɗauki mako ko fiye tana miƙewa kafin ta zauna. Kamfanin Pirastro na ƙasar Jamus, wanda aka kafa a 1798, yana cikin waɗanda suka yi suna da ita, da samfuransa Eudoxa da Oliv.

Iri na biyu shi ne na ƙarfe. Ta fara yaɗuwa ne da siririyar, wato mi, wajen lokacin yaƙin duniya na farko, 1914 zuwa 1918, lokacin da hanji mai kyau ya yi wuya, kuma daga nan ba ta koma baya ba: yau kusan kowane mai biyolon, ko da sauran ukun na hanji ne, siririyarsa ta ƙarfe ce. Tsirkiyar ƙarfe tana da amo mai kaifi da haske, tana amsa izga nan take, tana zama da wuri, ba ta cika kwancewa ba, tana daɗewa, kuma galibi ta fi araha. Shi ya sa makarantu ke son ta, da masu kiɗan da ake sa wa lasifika. Kamfanin D'Addario na Amurka yana da Prelude don ƴan koyo, da Helicore wadda cikinta ƙananan wayoyi ne aka tufka, don haka ta fi taushi. Sai dai tsirkiyar ƙarfe ba ta miƙewa sosai, ɗan juyi kaɗan a turken sama sai ta zarce, saboda haka dole gogen ya kasance yana da ƴan kusoshin daidaitawa a gindi.

Iri na uku shi ne na roba, wato zaren nailan da danginsa. Kamfanin Thomastik-Infeld na birnin Vienna a ƙasar Ostiriya ne ya fito da samfurin Dominant a 1970, kuma shi ya sauya kasuwar. Manufar ita ce a samu zaƙin hanji tare da haƙurin ƙarfe. Sabuwa takan zauna cikin ƴan kwanaki, kuma a kwanakin farko tana da ɗan ƙarar ƙarfe wanda ke gushewa. Yau ita ce akasarin makaɗa ke amfani da ita. Pirastro ma yana da nasa, kamar Tonica da Evah Pirazzi, sannan akwai Corelli na kamfanin Savarez a Faransa, da Larsen da Jargar a ƙasar Danmak.

Kauri da tauri

Ko a cikin samfuri ɗaya, akan yi tsirkiya hawa uku. A jikin fakiti za a ga medium ko mittel, wato matsakaiciya. Idan an ga weich ko dolce ko light, mai laushi ce. Idan kuwa stark ko forte ko heavy ne, mai tauri ce. Dalilin bambancin a fili yake. Tsirkiya mai nauyi, kafin ta kai muryar da ake so, sai an ja ta da ƙarfi fiye da siririya. Saboda haka mai tauri ta fi amo da cika wuri, amma tana son hannu mai ƙarfi, ba ta saurin amsawa, kuma idan gogen ba mai ƙwari ba ne sai ta danne shi muryar ta shaƙe, daidai da abin da dattijonmu ya faɗa a kan kukuma. Mai laushi tana amsawa da sauri, tana da daɗin dannawa, amma ba ta kaiwa nesa.

Daga nan ne makaɗa suka samu ƙa'idar da suke bi. Gogen da muryarsa ke da kaifi har tana sukar kunne, kamar yadda yawancin sababbin goguna masu araha suke, ana nema masa tsirkiya mai ɗumi, ta roba mai laushin murya, don ta rage masa tsiwa. Gogen da muryarsa ke da duhu, kamar mai magana a cikin tulu, ana nema masa mai haske don ta fito da shi. Idan aka haɗa kaifi da kaifi sai a samu tsuwa, idan aka haɗa duhu da duhu sai a samu gunaguni. Wasu makaɗa ma sukan gauraya, su sa ukun ƙasa daga kamfani ɗaya, siririyar daga wani. Don haka idan mai saye ya ce guda ɗaya yake so, kada a ɗauka rowa ce ko rashin kuɗi.

Irin kiɗan ma yana da tasiri. Makaɗan Larabawa da yawa sukan sassauta tsirkiya biyu na sama, su mayar da tsarin sol, re, sol, re, don ya dace da waƙoƙinsu. Wanda ya sassauta haka, tsirkiya mai laushi za ta yi masa sako-sako, ƙila ya fi son matsakaiciya ko mai tauri. Ƴan uwanmu da ke kai kaya Chadi da Sudan su riƙe wannan.

Hunturu da damina

Kamfanonin da muka ambata duk a ƙasashen sanyi suke, mu kuwa muna da yanayin da ke gwada kaya. Mai gogenmu ya san idan damina ta sauka fata kan yi sanyi ta saki, sai an kanga ta a rana ko a gefen wuta. Biyolon ma yana da nasa ciwon. Da hunturu katako kan bushe ya tsuke, turakun da ke riƙe da tsirkiya su yi sako-sako su riƙa kwancewa, wani lokaci ma katakon ya tsage. Da damina kuma katako ya sha laima ya kumbura, turaku su cije. Tsirkiyar hanji ita ta fi shan wahala a wannan kai da komo, domin ita kanta tana shan laima tana kuma bushewa. A shawararmu, ɗan kasuwa kada ya ajiye ta a kanti sai in an ba shi saƙonta da suna, an kuma biya kafin alƙalami.

Sai maganar zufa. A ƙasar zafi hannu ba ya rabo da gumi, gumi kuwa da gishiri, yana cin alminiyon da aka nannaɗe tsirkiya da shi, yana kuma sa siririyar ƙarfe tsatsa. Mai yawan zufa ya fi dacewa da wadda aka nannaɗe da azurfa ko da ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma ya riƙa goge tsirkiyarsa da busasshen ƙyalle duk lokacin da ya gama. Mai kiɗa kullum yakan sauya tsirkiya bayan wata uku zuwa shida, mai yi jefi-jefi kuma ya kai shekara. Ba sai ta tsinke ake sauyawa ba, domin tsohuwar tsirkiya muryarta kan dushe, ta daina riƙe daidaito, nannaɗin ya fara warwarewa yana yankan yatsa.

Tambayoyi kafin sari

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Duk wanda aka ba saƙon tsirkiya, ga abin da zai tambaya kafin ya karɓi kuɗi.

Na farko, wane goge ne? A jikin fakiti a nemi violin ko violon ko Violine. Idan an ga viola ko alto, na babban yayansa ne, tsarinsa do, sol, re, la, kuma ya fi tsawo. Idan cello ne ko violoncelle, na ƙaton nan ne da ake tokarewa a ƙasa. Haruffa biyu kacal suka raba violin da viola, su ne suka kwantar wa abokinmu da kuɗi.

Na biyu, wane girma? Na manya ana rubuta masa 4/4, tsawon akwatinsa kimanin santimita 35 da rabi, tsirkiyarsa kuma daga jaki zuwa wuya kusan santimita 33. Na yara akwai 3/4 da 1/2 da 1/4 har ƙasa da haka. Idan aka ɗaura tsirkiyar manya a ƙaramin goge sai ta yi sako-sako, idan aka ja ta yara a babban goge sai ta gaza ko ta tsinke.

Na uku, ƙarfe ko roba, kuma mai laushi, matsakaiciya ko mai tauri? Idan mai saƙon bai sani ba, a ɗauko matsakaiciya, ita ce ke zama da yawancin goguna.

Na huɗu, yaya gindin siririyar yake? Wata da ɗan ƙwallo a ƙarshe, wata da zobe, kuma ya danganta da irin kusar da ke jikin gogen. Mafi sauƙi a yanzu shi ne mai saƙon ya ɗauki hoton gindin gogen da na tsohon fakitin ya turo ta WhatsApp.

Na biyar, mene ne yake damun mai gogen a muryar gogensa? Kaifi ya yi yawa ne, ko duhu, ko yatsu ke ciwo? Amsar wannan ita za a kai wa mai kantin sari, in ya san aikinsa zai ba da abin da ya dace.

Jabu da ajiya

Tsakanin fakiti mafi araha da mafi tsada ana iya samun ninki goma ko fiye, kuma duk inda aka samu irin wannan tazara to masu jabu na nan. Samfuran da suka yi suna, irin su Dominant da Evah Pirazzi, an sha kwaikwayonsu. Idan aka yi maka tayin babban suna a farashin gyaɗa, ka san da walakin. A duba rubutun fakiti ko ya fito tsaf, a duba zaren alharini mai launi da ke bakin kowace tsirkiya, domin kowane samfuri da launinsa, a kuma shafa nannaɗin a ji ko sumul yake. Ƙasar Sin tana yin goguna da tsirkiya masu yawa, garin Huangqiao kaɗai yana fitar da kaso babba na biyolon ɗin duniya, kuma akwai masu araha na gaskiya da ke ɗauke da sunan kamfaninsu. Sayar da irin waɗannan ga ƴan koyo ba laifi ba ne, muddin an faɗi gaskiyar abin da suke. Laifin shi ne a sayar da su da sunan wani.

Wajen ajiya kuma, a nisanta su da rana da laima, kada a naɗe su sosai ko a karya, domin inda tsirkiya ta karye nan za ta tsinke. Bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kaya da yawa sun koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, suna daɗewa a hanya cikin zafi, don haka duk kayan da ya sha irin wannan doguwar tafiya a buɗe a duba tsatsa kafin a karɓa. Kada kuma a cika sari da yawa, wannan ba gishiri ba ne da ake saye kullum. Abin da ya fi tafiya shi ne siririyar mi da mai bi mata la, su suka fi tsinkewa da lalacewa, sai a ajiye su ɗai-ɗai. A haɗa da ƙaron izga, wanda ake yi da ƙaron itacen fayin, domin duk mai biyolon yana bukatarsa.

Akwai gargaɗi guda da ɗan kasuwa zai yi wa mai saye kyauta, kuma za a gode masa. Kada a kwance tsirkiya huɗun a lokaci ɗaya. A cikin gogen akwai ɗan tsinken katako a tsaye tsakanin fuska da baya, ba a manne shi da komai ba, nauyin tsirkiya ne ke taimakawa wajen riƙe shi. Faransawa na kiransa âme, wato ran goge. Idan aka saki duka yana iya faɗuwa, kuma mayar da shi sai gwani, gwanin kuwa ba a kowane gari yake ba. A sauya ɗaya, a ɗaure, sannan a koma ta gaba, a kuma ɗan goga bakin fensir a ramin da tsirkiya ke bi a kan jaki da wuya don ta riƙa zamewa.

Abokin namu dai bai yi asarar komai da komai ba. Ya samu wanda ya karɓi na ƙarfen a farashin sari, na viola kuwa suna nan a kantinsa suna jiran mai rabo. Da zai koma sari na gaba, da takarda ya tafi a aljihu da hoto a waya, kuma malamin da ya mayar masa da kaya shi ne yanzu ke turo masa wasu. Sayen nagari mayar da kuɗi gida, amma a harkar tsirkiya nagarin shi ne wanda ya dace da gogen mai shi. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kare mu daga asara. Sai mun sake haɗuwa a wannan fili.